Yadda Kogin Gadaka Ya Ƙaryata Ni da Kaftani a Jikina

Wanda zai yarda ya yarda, wanda ba zai yarda ba ya zo Dogo Tebo ya ga kaftanina a kan igiya, yau kwana uku yana ɗigar da ruwan Gadaka. Ni da na yi sati biyu ina koya wa duniya iyo a waya, ni aka tsamo kamar buhun masara.

Ga yadda abin ya faro. Maƙwabcina mai shagon kayan gyaran mota, Kirista ne ɗan Binuwai, ya sa hoton yayansa a gurup ɗinmu na unguwa. Ƙaton mutum mai furfura, yana iyo da ɗan kamfai. Na rubuta cewa babba da tumbi ba ya tuɓewa a gaban jama'a, mu nan da suturarmu muke shiga ruwa mu fito da mutuncinmu. Ya ce a garinsu wanda bai iya ruwa ba shi ne abin dariya. Musu ya kacame, masu goya min baya suna ta turo alamun wuta da tafi. Daɗin tafin ya ɗebe ni, na rantse cewa da kaftani nake haye kogin Gadaka, hulata ko jiƙewa ba ta yi. Alhali ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne na kwatar ƙofar gidanmu.

Sai ga wani ɗan gurup ɗin ya gayyace mu suna. A ina? Gadaka.

Mun tashi da asuba, wato asubar wannan zamani, wadda sai dokar hana fita ta ƙare take fitowa. Tun da aka hana babur kowa ya koma Keke, muka matsu mu biyar har tasha. Direba ya tsuga kuɗin mota kamar Makka zai kai mu, wai shingaye ne ke shanye masa mai. Bai yi ƙarya ba. Kowane shinge a sauka, a ɗaga hannu, a taka da ƙafa, a nuna kati. Na ɗaga hannu har hammatata ta haddace hanyar. Gero ya yi kai a gonaki, sai dai kusa da titi an sare dogayen shuka saboda tsaro. Mata na sayar da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara, masara biyu na ci don tsoro ya sami abin zama a kai.

Gadaka ta karɓe mu da tuwo da miyar kuka da soyayyen kifin da ya kai tsawon hannuna. Ina cikin suɗe yatsa maƙwabcina ya ce, da Hausarsa mai lanƙwasa, "Maigida, ruwa yana kusa fa. Mu je ka koya mana."

A bakin kogin na fara ganin abin da ya kashe min jiki. Manoma ne, dattawa masu gemu da tabon salla a goshi, sun dawo daga gona suna iyo da gajeren wando mai rufe gwiwa, rigunansu a rataye a reshe. Ashe mutanen da na yi sati biyu ina magana da yawunsu ba su san da dokata ba. Ɗaya daga cikinsu ya dube ni ya ce, "Ɗana, cire rigar nan, ruwan damina ne."

Da na ji magana. Amma wayoyi huɗu na kallona. Na gyara hula, na shiga.

Taku uku lafiya. A na huɗu ƙasa ta ƙare. Shaddar ta sha ruwa ta naɗe min ƙafafu, rigar ta tashi ta rufe min fuska, na sha kogin Gadaka har ina jin ya ragu. Ba wasa, na yi kalmar shahada. Sai na ji an shaƙo wuyan rigata ta baya. Maƙwabcina ne, da irin ɗan kamfan nan da na zaga. Shi da dattijon suka ja ni gaɓa, hulata kuwa tana hanyar wata ƙaramar hukumar.

Abin da ya fi ruwan ciwo shi ne, ina kwance ina amai, na ji maƙwabcin nawa yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa su goge bidiyon. Da ni ne a matsayinsa, wallahi har kiɗa zan sa wa bidiyon.

Mun dawo kafin magariba, ina sanye da aron riga mai tsaya min a cibiya. Maƙwabcina ya rufa min asiri, shi ya sa nake tona kaina, don kunyar ta fi ƙarfin in riƙe ni kaɗai. Na koyi cewa al'adar da nake karewa a waya ban ma san ta ba, kuma wanda na yi wa dariya shi ya shigo ruwa domina.

Da na shiga gida na so in ɗan gyara labarin, na ce wa Inna igiyar ruwa ce ta yi ƙarfi ranar. Ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar wake ba, ta ce, "Kai da in ina maka wanka a roba sai maƙwabta sun leƙo ko yanka ka ake, yaushe ka zama kada?"