Foldar da Anti Tafireta ta ɓoye

Shekara ashirin da shida ta yi a ofishin makarantar, amma da za a tara malaman a ce su faɗi sunanta na gaskiya, da wuya a sami mutum uku. Anti Tafireta kowa yake ce mata, daga Shugaba har mai gadi. Ita kanta tafiretar ta daɗe da komawa sito, ɓeraye sun yi gida a cikinta, amma sunan ya zauna daram.

Ofishin ɗan ƙuƙut ne, tsakanin na Shugaba da ɗakin malamai. Tebur ɗaya, fanka mai ƙara, kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa sai an tokare shi da gwiwa, sai tagar da iyaye ke leƙowa. Aikinta buga wasiƙu, takardun jarrabawa, da ajiye sakamakon ɗalibai. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin aikin, ko da yake ba wanda ya ɗauke shi haka. Ɗalibi zai gama ya tafi, bayan shekara goma ko sha biyar sai ga shi ya dawo da gemu, ko ta dawo da goyo, gobara ko ruwa ya ci takardu, ana neman shaida a wurin aiki. Anti za ta sauke tabarau ta dubi mutum, ta tambayi shekarar da ya fita. Kafin ya gama gaishe ta takarda ta fito.

Da aka kawo kwamfuta an zata za ta gaza. Wata biyu ta yi tana dukan kibod kamar ya yi mata laifi, don hannun ya saba da tafireta, daga nan ta kama. Tsofaffin rajistocin da aka rubuta da hannu, har na gabanin zuwanta, ita ta zauna ta shigar da su ɗaya bayan ɗaya a hutu uku. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya ce mata sannu. Wata damina rufin sito ya yi yoyo, rajistocin suka jiƙe suka ruɓe. Tun daga ranar, abin da ke cikin kwamfutar nan shi kaɗai ne shaidar duk wanda ya taɓa karatu a makarantar.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wata safiya ta kai mijinta asibiti, ta bar ofis a buɗe kamar kullum saboda malamai na shiga ɗaukar alli. Da sakamako ya fito, wani ɗalibi da ya ci talatin da ɗaya a lissafi ya fito da tamanin da ɗaya. Malamin lissafi ya tayar da hayaniya. A gaban taron malamai aka tsayar da ita, aka ce ko sakaci ta yi ko an toshe mata baki. Matar da ko biron makaranta ba ta taɓa tafiya da shi gida ba! Mataimakin Shugaba ya fi kowa zaƙewa. Daga baya mai shara ta raɗa mata cewa ta gan shi zaune a kujerarta ran nan, ɗalibin kuwa ɗan yayarsa ne. Amma maganar mai shara ba ta shiga taron malamai. Anti ta nemi a sa wa kwamfutar kalmar sirri, aka ce kayan makaranta ne, ba gadonta ba.

Wani tsohon mai gyara da ke zuwa lokacin, yanzu ya rasu, shi ya koya mata dabara.

"Ɓoyewa iri biyu ce, Anti," ya ce. "Ta farko, ki ce wa kwamfuta ta ɓoye foldar. Wannan duk wanda ya ɗan san kan abin zai danna wajen nuna ɓoyayyu ya gan ta. Ta biyu, ki ce mata foldar nan tata ce, cikin kayan cikinta take, irin waɗanda in an taɓa su injin ke tsayawa. Wannan ko an ce ta nuna ɓoyayyu ba za ta nuna ba, sai an matsa mata ta wata hanyar."

Ya buɗe mata baƙar tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni. A rubuta attrib, alamar tarawa da h, alamar tarawa da s, sai sunan foldar. In za a buɗe kuma a sa alamar ragewa. Ta tattara sakamakon duka ta zuba a folda guda, ta fitar da ita daga inda ake ajiye takardu ta kai ta can gefe ita kaɗai, ta sa mata suna Tsumma. A fili kuma ta bar wata mai suna Sakamako, wadda ba komai a ciki sai fom ɗin da ba a cika ba da jerin sunayen zangon da ake ciki. Kullum da safe ta buɗe Tsumma, in za ta tashi ko da banɗaki ne ta rufe. Ba ta rubuta umarnin a takarda ba, yatsu suka haddace. Ba ta gaya wa kowa ba. Lamba kuma ba ta ƙara canzawa ba.

Bana Shugaba ya yi ritaya, Mataimaki ya hau kujerar. Bayan wata huɗu ya kira ta. Makaranta za ta koma tsarin zamani, in ji shi, za a kawo sababbin kwamfutoci, za a ɗauko wadda ta yi digiri. Da yake ba wanda zai buga takardar sallamar, ita aka ba rubutun hannun ta buga. Ta buga, ta kai masa ya sa hannu, ta ninke ta sa a jaka.

Ranar Alhamis, ranarta ta ƙarshe, mai gyaran yanzu ya zo kwashe abin da ke cikin tsohuwar kwamfutar. Injiniya ake ce masa, mutum mai kimanin shekara hamsin, tumbi a gaba, sukundireba a aljihun riga. Ya sa faifan ajiya, ya ja foldodin ya zuba. Ba sakarai ba ne, ya danna wajen nuna ɓoyayyu ya duba, bai ga wani abin kirki ba.

Shugaba ya leƙo daga ƙofa. "An kwashe komai?"

"Komai, ranka ya daɗe. Ga Sakamako nan ma ta shiga."

"Madalla. Litinin ka goge ta tas, a kai ta ajin koyon kwamfuta."

Anti na tsaye a gefe rungume da kwalin kayanta: kofi, matashin kujera biyu, silifas ɗin da take sawa in ƙafa ta kumbura. Ba wanda ya dube ta, balle ya tambaye ta. Ta gyara riƙon kwalin. Ta fita.

Mijinta tsohon direban bas ne, ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Asabar da rana yana kan kujerar roba a tsakar gida yana kallonta tana wanki.

"Uwar yara, rigar nan zaginki ta yi?"

Ta jefa rigar cikin bokiti ta gaya masa komai. Jibi za a goge sakamakon shekara talatin da ɗaya, kuma duk duniya ita kaɗai ta sani.

"To ki bar su," ya ce. "Ranar da mutum na farko ya zo neman takarda, sai Shugaban naku ya zaro ta daga aljihunsa."

"Haka nake so."

"Na ga alama. Shi ya sa kika wanke riga ɗaya sau uku."

"Kai dai ka iya surutu a zaune."

"A zaune na yi shekara talatin ina tuƙi, ba wanda ya yi ƙorafi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauraye rigar ta matse ta har ta kusa yagewa. Tun ranar Alhamis take hango fuskar Shugaba ranar da asiri zai tonu, abin yana mata daɗi. Amma ta san mutumin. Zai gyara zama ya ce Anti Tafireta ce ta lalata su kafin ta tafi, kowa kuma ya yarda, kamar wancan karon. Shi ba abin da zai same shi. Wanda zai tsaya a taga ya koma hannu rabbana, ƙarin girma ya wuce shi ko gurbin karatu, wani ne can da bai san hawa ba bai san sauka ba. In kuma ta je ta buɗe, ta miƙa wa mutumin nan abin da ta yi shekara goma sha ɗaya tana karewa daga hannunsa. Ko wanne ta ɗauka ciwo ne.

Litinin da sassafe mai gadi ya gan ta ya miƙe. "Anti, na ce ko an sallame ki?"

"An sallame ni, ba a binne ni ba. Buɗe."

Ta tarar da Injiniya ya riga ya kunna kwamfutar, filashin gogewa na hannunsa.

"Ɗaga," ta ce.

"Anti, ai mun gama da wannan tun..."

"Ba ku gama ba. Buɗe Sakamakon da ka kwafa, nemo mini ɗalibi ɗaya na shekaru biyar baya."

Ya buɗe, ya ja sama, ya ja ƙasa. Fom ne fanko. Ya dube ta, ya tashi daga kujerar ba musu.

Ta zauna. Babu matashi, bayanta ya amsa. Ta buɗe baƙar tagar, ta rubuta umarnin da alamar ragewa a gaban h da s, ta danna. Tsumma ta bayyana. A ciki shekaru ne jere, kowace shekara da azuzuwanta, kowane aji da 'ya'yansa.

Injiniya ya riƙe baki. "La ilaha. Har cikin kayan injin kika sa ta? Wa ya koya miki wannan?"

"Wanda ya fi ka."

"Na yarda. Amma kullum haka kike yi, ki cire ki mayar? Ai da sunanta kawai za ki rubuta a sama ta buɗe, ba sai kin taɓa komai ba."

"Shekara goma sha ɗaya ina yi, yau da aka kore ni za ka gaya mini?"

Ya yi dariya har tumbin na rawa. Sannan ya rage murya. "Tunda yanzu na san tana nan, zan iya kwashe ta yadda take, a ɓoye. Ba mai sani sai ni da ke."

Abin ya so ya shige ta.

"Ni da kai," ta ce. "Ni hawan jini, kai wannan tumbin. In mun faɗi fa, wa zai nemo ta? Kwashe ta a buɗe. Ka cire mata sunan nan, ka sa wanda ko makaho zai gane."

Ana cikin kwafi Shugaba ya shigo. Injiniya ya yi masa bayani yana sosa ƙeya, don shi ma da nasa kason kunyar. Shugaba ya juya kanta.

"Wa ya ba ki izinin ɓoye kayan makaranta?"

"Wanda ya zauna a kujerar nan ranar da na kai mijina asibiti."

Fanka ta yi ta ƙararta. Injiniya ya ƙura wa sikirin ido kamar bai taɓa ganin kwafi na tafiya ba. Shugaba ya gyara hannun rigarsa, ya ce Injiniya ya kawo masa faifan in an gama, ya fita.

"Kwafi biyu za ka yi," ta ce. "Ɗaya nasa, ɗaya na kai wa Mai Makaranta da hannuna."

"Faifai ɗaya aka ba ni."

Ta zaro filashi sabo fil daga jaka ta ajiye a gabansa. "Kuma akwai abin da za a yi a hana canza lamba?"

"Akwai. A umarnin nan naki, alamar tarawa da r. Fayil zai buɗu a karanta, amma ba zai karɓi gyara ba. Sai dai gaskiya, Anti, wanda ya sani minti ɗaya zai cire."

"Sa. Wanda nake tsoro goge lamba kawai ya iya. Ko firinta ce ta tsaya sai ya ƙwala mini kira."

Ya sa wa fayilolin duka. Ba ta yarda da koren layin da ya ce an gama ba. Ta sa ya kashe tsohuwar kwamfutar, ya buɗe kwafin a tasa kwamfutar, ta zaɓi shekara ta farko, ta tsakiya da ta bara, ta bi sunaye da yatsa a kan sikirin tana motsa leɓe. Ta sa ya yi haka da filashin ma. Sai da ta gamsu ta ce, "To goge."

Ya sake kunna tsohuwar, ya sa filashinsa na gogewa. Kwamfutar ta tambaya ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ba a jima ba aka gama.

Gidan Mai Makaranta, matar da ta kafa makarantar, da ɗan nisa, a ƙafa ta je. Tsohuwar na kwance ba lafiya, amma Anti ta ƙi ba 'yarta saƙon sai da aka shigar da ita ɗaki. Ta yi bayani sau biyu, ta tsaya aka sa filashin a akwati aka kulle, sannan ta yi mata fatan sauƙi.

Rana ta take lokacin da ta isa gida, ƙafafu sun kumbura. Mijin na inda ta bar shi.

"An kwashe?"

"An kwashe."

"Ya gode?"

"Tashi ka ba ni kujerar nan, bayana zai ɓalle."