Kyamara Biyu da Idon Adda

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi cikin Fulanin da ke bayan Aujara ya san abin da wannan ke nufi. Uwar da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba, tun ina rarrafe har furfura ta fara fito min a haɓa. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata, da na buɗi baki kuma na ji ƙannen uwata suna ce mata Adda, sai ni ma na bi sahu. Ƙannena suna ce mata Inna, suna hawa cinyarta, ni kuwa Adda. In na shiga gaisuwa sai ta juya fuska ta amsa wa bango. In tana son a ba ni fura sai ta ce da ƙanwata, "Ki kai wa mutumin Dutse." Wannan ma sai da na kama aiki a sakatariya na samu ƙarin girma, kafin nan "wancan" nake.

Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba. Kunya ce, haka ta tarar ana yi, haka ta yi. Har dariya nake ba abokan aikina da labarin. Dariyar ta ƙare ranar da likita ya ja ni gefe a asibiti, ya ce ƙodarta ta gaji, mu mayar da ita gida mu ci gaba da addu'a. Damina ce, gero ya kai gwiwa. Na tambaye shi ko za ta ga girbi, sai ya ce rai na hannun Allah.

A motar komawa Dutse abin ya faɗo min a rai. Matar nan za ta tafi ban san kalar idonta ba. In 'ya'yana suka girma suka ce in nuna musu kakarsu, me zan nuna? Hoton katin zaɓenta ɗankwali ne kawai da goshi, don ta sunkuyar da kai lokacin da aka ɗauka. Na bincike wayata kaf. Ƙeyarta, mayafinta, hannunta a kan ƙwarya, shi ke nan. Ta san waya sarai, ina ɗaga ta take juyawa. Yanzu kuma ba ta fitowa daga ɗakinta, ɗakin ƙasa ne mai taga kamar tafin hannu, duk abin da wayar ta ɗauko a ciki baƙi ne ƙirin. Na sa wa raina sai na samu hoto ɗaya tana kallona. Ɗaya tak nake so, ko da kuskure ne ta ɗago.

Akwai wani shago kusa da kasuwa a Dutse, mai shi yana sayar da kyamarori na hannu, yana kuma ɗaukar hoton biki. Mutum ne mai surutu kamar rediyo. Na ce masa ina son wadda za ta ɗauki mutum a ɗaki mai duhu, ban faɗa masa ko wane ne ba. Ya ciro guda biyu ya ajiye a kan tebur.

"Wannan, Malam, ita ake cewa marar madubi. Manya irin na da akwai madubi a cikinsu, kana dannawa ka ji ƙwas, kowa ya san an ɗauka. Wannan kuwa shiru take, ko sauro ya fi ta ƙara. Duhu bai dame ta ba. Kuma duba nan."

Ya saita ta a fuskata, ya juyo min da gilashin bayanta. Sai ga wani ɗan akwati kore ya zo ya zauna daram a kan idona. Na matsa, ya bi ni.

"Ita da kanta take neman idon mutum," in ji shi. "Kai naka dannawa."

Ɗayar kuwa 'yar ƙarama ce, ba ta fi sabulun wanka ba, tana shiga aljihun gaban riga ta ɓace. Ya ce ta tafiye-tafiye ce, ko tsohuwa za ta iya aiki da ita, amma a duhu sai da wutarta, in ba haka ba hoton ya fito kamar an zuba masa ruwa.

Sau uku ina zuwa shagon nan cikin kwana biyu. In ɗauki babbar in ajiye, in sa ƙaramar a aljihu in ciro. Babbar tana gani a duhu amma ba ta ɓuya. Ƙaramar tana ɓuya amma ba ta gani. A ofis na kasa karanta takarda ɗaya, har na yi wa wani abokin aikina tsawa a kan biro, mutumin da bai yi min komai ba. Matata ta ce, "Kai da ko hoton sunan ɗanka ba ka tsaya an ɗauka ba, yau kai ne da kyamara?" Na ce ta bar ni da abin da ke damuna. Kowane kwana da na ɓata a tsakanin kyamarorin nan daga cikin kwanakin Adda nake cire shi, na sani, kuma sanin ne ya ƙara hana ni yanke shawara. A ƙarshe ɗan akwatin nan kore ne ya ci ni. Na ce abin da ke neman ido da kansa ai shi nake nema.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Jahun, daga can mashin ya ratsa da ni cikin taɓo har gida. Kuskurena na farko, na rataya ta a wuya. Kafin in cire takalmi labari ya zaga. Matan maƙwabta suka shiga sauya zani, baffana ya aika a kawo masa babbar rigarsa, ya ce a ɗauke shi da bijiminsa. Kyamarar kuwa ta yi aikinta, ba na zaluntarta. Ta kama idon baffana, ta kama idon ƙanwata, har idon tunkiya ta kama.

Ƙanwar tawa ita ce ke jinyar Adda, ta baro ɗakin mijinta da 'ya'ya huɗu ta dawo gida. Ita ta yi min iso. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Adda, ina wuni? Ya jikin?"

"Da sauƙi," ta ce wa bango. Muryar ta yi siriri. Sai ta ce da ƙanwata, "Wannan abin da ya ratayo, na masu awon fili ne?"

Ƙanwata ta ƙunshe dariya. Ni kuwa na ɗaga kyamarar a hankali daga cinyata. A gilashin bayanta ɗakin ya fito tas, har zaren mayafinta nake gani, abin da idona ma bai gani ba. Akwatin nan ya hau yawo, ya je kan ƙwarya, ya dawo kan kafaɗarta, ya tsaya a kan kunnenta yana rawa. Adda ta miƙa hannu ta ja mayafin ta rufe har kunnen.

Asabar uku ina wannan zirga-zirgar. Na zauna tun hantsi har azahar ina jira ta manta da ni, ba ta manta ba. Na yi tari da gangan. Na yar da kwano. Na tsaya a bayan taga cikin yayyafi kamar ɓarawon kaji, bakin kyamarar ya ƙi shiga tagar. Kullum na dawo sai in tarar ta ƙara ramewa, ƙafafun sun ƙara kumbura. A Asabar ta uku ƙanwata, da ke kirana Hamma, wato yaya, ta ce min, "Hamma, wannan abu naka ko makaho ya san ka shigo da shi. Tun daga zaure take jin igiyarsa tana bugun maɓallin rigarka."

Litinin da safe ina ƙofar shagon kafin ya buɗe. Na ce ya karɓi babbar ya ba ni ƙaramar.

"Haba Malam! Wa ya taɓa sauka daga mota ya hau jaki? Me ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Ba ni ƙaramar."

"To wai wa kake son ɗauka ne haka, aljani?"

Na ce masa uwata ce, kuma ba ta da lokaci. Surutun ya ɗauke. Ya sa mata batir, ya goge ta da gefen rigarsa, ya ce in na shiga duhu wutarta tashi take da kanta, ga inda ake kashewa. Ya nuna min sau biyu. Na gyaɗa kai sau biyu, amma hankalina yana can bayan Aujara, ko kalma ɗaya ba ta zauna ba.

Ban jira Asabar ba, washegari na nemi izini a ofis na tafi. Na sa riga mai faɗin hannu, kyamarar tana cikin tafina, babu wanda ya gani. Bayan azahar na shiga. Adda tana kwance, ƙanwata tana ba ta kunu da cokali. Na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na yi shiru na daɗe, har na ji kamar ta ɗauka na fita. Ƙanwata ta ce, "Inna, ɗan ƙara ɗaya," sai Adda ta juyo da fuskarta wajen cokalin. Rabin fuskar ya fito. Na zaro hannu na danna.

Ɗakin ya yi fari fat kamar an yi walƙiya.

"Innalillahi!" Adda ta zabura, cokalin ya faɗi, kunun ya zube mata a wuya. Ta kare fuska da hannu biyu tana haki. Tsohuwar da ko juyawa ba ta iya yi sai an taimaka mata, ni na firgita ta haka. Da numfashinta ya dawo, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. A hankali ta ce da ƙanwata, "Ki ce wa mutumin Dutse ya yi haƙuri ya fita."

Na fita. A gindin rumbu na duba hoton: tafin hannu biyu, farare sol, da yatsu a buɗe. Ƙanwata ta biyo ni, idonta ja.

"Hamma, kai fa babba ne. Shekara nawa tana riƙe da kunyarta, sai yanzu da ba ta da ƙarfin kare kanta za ka ƙwace? Me ta yi maka?"

Na wurga kyamarar kan tabarma, na ce ta jefa ta a rijiya in ta ga dama. Na fita bayan gida na zauna a kan kututture, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar kakata. Na ji haushin al'adar, na ji haushin mai shago, na fi jin haushin kaina. Da la'asar mai mashin ya zo. Na koma ciki yin sallama, na tarar an fito da ita ƙofar ɗaki tana shan iska, an jingina ta da filo.

"Adda, zan koma. Ki yafe min."

"Babu komai," ta ce wa danga. "A sauka lafiya."

Kwana tara bayan nan ƙanwata ta kira ni da hantsi, ina jin muryarta na san abin da ya faru. Na isa an riga an yi mata wanka. Baffana ya kama hannuna ya ce in shiga in yi mata addu'a, ya buɗe min fuskar. Ranar na fara ganin fuskar uwata gaba ɗaya, babu mayafi, babu bango. Tana da ɗan tabo a gefen hanci, ban taɓa sani ba. Idon kuwa an riga an rufe shi.

Ranar uku, da mutane suka ragu, ƙanwata ta kira ni bayan rumbu. Ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yar kyamarar.

"Ban jefa a rijiya ba. Ban iya ba sosai, dannawa kawai na yi. Ranar da ka yi fushin nan ne, da ka juya za ka fita. Ina nan tsaye kusa da ƙofar zaure."

Na kunna. Bayan hoton hannayen akwai wani. Ya karkace, rabin rumbu ya shiga ciki, kafaɗata ta tare gefe ɗaya, baƙa, ba ta fito ba. Can bayan kafaɗar ga Adda a jingine da filo. Ta saki mayafin. Ta ɗago kai, ta ɗan miƙo wuya, idonta biyu a buɗe suna kan bayana. Ba baƙaƙe ba ne ashe, ruwan ƙasa ne, irin na 'yata ta biyu.

Na ce, "Sa'a kika yi."

"Wace sa'a, Hamma? Kullum haka take yi. Tun kana zuwa hutu daga makaranta, in ka juya sai ta bi ka da ido har ka sha kwanar zaure, in kuma na kama ta sai ta ce kaji take dubawa. Kowa a gidan nan ya sani. Kai ne ba ka taɓa waiwayowa ba."