Dattijon Da Na Damƙa Wa Amanar Likita

Muna idar da sallar asuba muka bar garinmu Laurel da ke kusa da Washington, ni da uwargida da babbar 'yarmu, mota cike da kaya kamar masu kai amarya. Har tukunyar tuwo sai da uwar ta cusa. Yarinyar ta gama karatun likita, amma a ƙasar nan ba a sakar maka marasa lafiya sai ka yi shekaru kana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci. Bara ta nema ba ta samu gurbi ba, ta shekara a gida tana kuka a ɓoye. Bana aka ƙara gurabe a asibitocin tsofaffin sojoji saboda ƙarancin likitoci, ta samu ɗaya a wani ƙaramin gari cikin duwatsu, tafiyar awa huɗu.

Ni kuwa tun a gida na kafe: in ban ga babban da zan damƙa wa amanarta ba, da ita za mu dawo. Na san hakan na nufin ta sake rasa gurbin, amma raina bai kwanta da barin 'ya mace ita kaɗai a garin da ko masallaci babu ba.

Titin da ya zagaye Washington ya riga ya cushe da masu sammakon aiki, sai da muka wuce Manassas muka samu sarari. Daga nan sai gonaki da ƙosassun shanu, ba makiyayi ko ɗaya. A gidan mai fetur ya fi namu araha, amma abincinsu duk da naman alade, dole muka koma mota muka ci ƙosan da ya huce. Yarinyar dai tana ta kallon taga.

Asibitin ginin jan bulo ne, tutoci ta ko'ina. Aka shiga da ita cike takardu, ni kuma na fara neman babba. Can a zauren jira na hango wani dattijo Bature, hularsa cike da lambobin yabo, duk wanda ya wuce sai ya gaishe shi. Shekarata goma sha biyar ina gadi, na ce ai in na ga oga na san shi. Na rusuna, na gaishe shi hannu biyu, na miƙa masa ƙunshin kilishi. Da ɗan Turancina na ce ga 'yata na kawo, daga yau 'yarsa ce, in ta yi ba daidai ba ya tsawata mata.

Ana haka ta fito. "Baba! Ai marar lafiya ne!" in ji ta, da Hausar da ba ta yi sai in ta ruɗe. Kunya ta rufe ni.

Dattijon ya yi dariya har da tari, kilishin kuwa bai sake shi ba. Ya ce wata biyar yana jira a duba masa ƙirji, sai makon jiya aka kira shi, wai sababbin likitoci na zuwa, layi ya fara motsi. Ya dube ta ya ce, "Ashe ke muke jira." Sannan ya juyo gare ni: "Muna da yawa a zauren nan, kuma ba mu da aikin yi. Za mu sa mata ido."

Da muka fito, uwargida ta ce, "Malam, a sauke kayan ko a bar su?"

Na ce, "A sauke."

Mun iso gida gab da magariba, uwargida na ta tsokanata da ogan da na zaɓo, ni kuma ina satar kallon kujerar baya da babu kowa. Kewa dai akwai, ba zan ɓoye ba, amma godiyata ga Allah ta fi yawa. Na tafi ina neman wanda zai kula da 'yata, ko sau ɗaya ban tuna da waɗanda suka yi watanni suna jira ta zo ta kula da su ba. Saura ƙiris in dawo da ita da hannuna.