Farquhar Rennie, Masassaƙin Dutsen Auchlenny

An haifi Farquhar Rennie a shekarar 1886 a ƙauyen Auchlenny da ke lardin Aberdeen. Mahaifinsa George Rennie mai fasa dutse ne, mahaifiyarsa Jessie Mutch kuwa tana tatsar shanu a gonar Kanar Urquhart, mai ƙasar ƙauyen. Duk wanda ya tsaya a gaban dutsen tunawa da mazajen yaƙi da ke mararrabar Auchlenny, aikin hannun Farquhar yake karantawa, kuma an rubuta wannan tarihi ne domin a san yadda aka hana shi shiga cikinsu.

Karatu da Sana'a

Ya shiga makarantar ƙauye a shekarar 1891, ya bar ta yana ɗan shekara goma sha huɗu, aka kai shi mahaƙar dutse koyon aiki. A nan aka lura hannunsa ya fi ƙarfin fasa tsakuwa, aka mayar da shi wajen sassaƙa haruffa, har ya zamana kusan kowane kabari da aka haƙa a Auchlenny daga 1907 rubutunsa ne a kansa.

Aure da Yaƙi

A shekarar 1910 ya auri Elspet Imlach, 'yar maƙerin ƙauyen. A farkon 1915, bayan huɗubar da aka yi a coci da jawabin da Kanar ya yi a bakin ƙofarta, ya shiga soja domin yaƙin duniya na farko tare da sauran samarin mahaƙa. Ya shekara uku a ramukan yaƙi na Faransa, kuma a watan Afrilu na 1918 ya shaƙi hayaƙi mai guba, wanda ya ƙone masa huhu. An sallame shi a 1919, ya dawo gida yana tsayawa sau biyu kafin ya hau tudun coci.

Aikin Dutse

A shekarar 1920 aka kafa kwamitin gina dutsen tunawa a ƙarƙashin shugabancin Kanar. Da yake yaƙi bai bar wani mai sassaƙa haruffa a ƙauyen ba, kuma kwamiti bai so a ɗauko baƙo daga birni, sai aka je wurin Farquhar. Likitan ƙauye, Dokta Skene, wanda shi ma ɗan kwamitin ne, ya same shi a rumfarsa ya ce, “Farquhar, ƙurar nan za ta ƙarasa abin da Jamusawa suka fara.”

Farquhar ya miƙa masa guduma ya ce, “To ga ta, Likita, ka yi da kanka. Kai da ko a takarda ba a iya karanta rubutunka.”

Likita ya yi dariya ya tafi, bai sake ta da maganar ba, a kwamiti ko a waje. Farquhar ya yi hunturu guda a rumfar yana sassaƙa sunayen mutum ashirin da uku, waɗanda mafi yawansu shi ya koya musu riƙe guduma. An buɗe dutsen a watan Oktoba na 1921, Farquhar ya tsaya a bayan jama'a yana tari a cikin hularsa don kada ya katse mai busa ƙaho.

Hukuncin Kwamiti

Da ciwo ya kwantar da shi a Janairun 1922, abu ɗaya ya roƙa: a ƙara sunansa a ƙarƙashin na abokansa, kuma a gaya masa tun yana ji. Elspet, ɗauke da cikinta, ta je gaban kwamiti. Aka nemi shaidar likita, ya ce ba zai iya rantsewa hayaƙin Faransa ne ke kashe majinyacin ba, domin ƙurar dutse ma tana yin haka.

Kanar ya ce, “Ki yi haƙuri, uwargida. Dutsen na waɗanda yaƙi ya kashe ne. In muka buɗe ƙofa, duk mai tari zai zo.”

Elspet ta ce, “Ranka ya daɗe, ƙurar wane dutse? Na kabarin kakata?”

Ya kamata a rubuta cewa suna na farko a kan dutsen na ɗan ƙanin Kanar ne, wanda mura ta kashe a barikin horo bai taɓa ƙetare teku ba. In hayaƙi ne ya kashe Farquhar, yaƙi ya kashe shi. In ƙura ce, kwamiti ya kashe shi, yana sane, domin likitan da ya faɗa tun farko ɗan kwamitin ne. Mutanen nan sun zaɓi amsar da ta ɗora jininsa a wuyansu, kuma da ita suka kare kansu, suka tashi suka tafi shan shayi.

Da Elspet ta koma gida ta gaya masa gaskiya, Farquhar ya ce, “Bar su, 'yar maƙeri. Ko sun yarda, wa zai sassaƙa?”

Rasuwa da Jana'iza

Ya rasu ranar 9 ga Fabrairu, 1922, yana da shekara talatin da biyar. An binne shi a maƙabartar coci, tsofaffin sojoji takwas suka riƙe igiyoyin akwatin gawarsa. Elspet ba ta je bakin kabari ba, domin mata ba sa zuwa, amma ta tsaya a ƙofar gida ta mayar da furannin da Kanar ya aiko.

Ya bar 'ya'ya uku: Jean, wadda ta yi aure a Kanada, George, wanda ya gaji aikin mahaƙa, da autansu, wanda aka haifa wata uku bayan rasuwar aka sa masa sunan ubansa. Autan ya shiga soja a yaƙin duniya na biyu, aka kashe shi a Normandi ta Faransa a 1944. A shekarar 1947 aka ɗauko baƙo daga birni, ya sassaƙa sunan Farquhar Rennie a kan dutsen Auchlenny.