Layar da na ɗaura wa Inna

Jiya na sa reza na farke layar da aka ciro daga damtsen Inna ranar da aka yi mata wankan gawa.

Guntun kwalin ashana ne a ciki, da gashin akuya. Ko harafi ɗaya babu.

Ni na sayo ta a kasuwar Kuki, lokacin da ƙafafun Inna suka fara kumbura. Mai maganin ya ja mini kunne: kada a buɗe, kada a cire, kada a haɗa da maganin asibiti sai an kwana arba'in, in ba haka ba laƙanin ya karye.

Wata rana bayan la'asar Inna ta ce, "Sani, cire mini abin nan. Malam ya faɗa mana a Islamiyya, wanda ya rataya abu yana ganin shi ke warkarwa ya yi shirka. Kunya nake ji in roƙi Allah da shi a jikina."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, saura kwana tara."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Da muka kai ta asibiti a Dutsin-Ma, likita ya ce ƙoda ce, kuma mun makara.

Na san in kwana ya ƙare babu magani. Amma tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta gane gaskiya, ni da na sauke Alƙur'ani na toshe kunne.

Ku sa Inna a addu'a. In akwai irin wannan a jikin wani naku, ku farke ta yau, ku zo ku faɗa mini abin da kuka gani.