Sa Hannun Goggo Mai Guga

Goggona, ƙanwar babana, shekara talatin da ɗoriya tana wanki da guga a wani ɗan shago bayan asibiti. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma rigar kowa da ido take gane ta. In ka ce ta riƙa rubuta lamba a wuyan riga, sai ta harare ka ta ce, "Kai da ka yi bokon, ina ɗayar safarka?"

Jikarta, wadda muke kira Tsinke saboda rashin jiki, a hannunta ta tashi tun tana wata takwas, lokacin da uwar ta tafi aikin jinya wata ƙasa. Bana uwar ta samar mata makaranta a can. Sharaɗin ɗaya ne: takardar amincewar mai riƙon yarinya, da hatimin lauya, kafin ƙarshen wata. In ta wuce, gurbin ya tafi.

Ni na raka ta. Sai da muka shiga ofis uku kafin mu gane ba kowane lauya ke da wannan hatimin ba. Na huɗun yana saman wani kantin magani, matakala ashirin da biyu, kowace da tsakin Goggo. Ta dangwala yatsa, shaidu biyu suka sa hannu, aka buga hatimi.

Bayan kwana shida takardar ta dawo. A nan dangwale ya wadatar. A can kuwa sai zanen yatsa ya fito sarai, ko mutum ya rubuta sunansa da hannunsa a gaban lauya. Yatsun Goggo sabulu da dutsen guga sun cinye su, sumul kamar bayan cokali. Muka koma wurin lauyan, duk goman muka gwada. Raina ya ɓaci, na fara ɗaga murya.

"Yi haƙuri," in ji lauyan. "Mama, ba ni na yi dokar ba. Kowane wuri da tasa."

Muna saukowa na ce, "Goggo, ai kin huta. Ba ke kika hana ta tafiya ba, doka ce." Na san yarinyar nan ita ce duniyarta, ni ma ba na son ta tafi. Ko kallona ba ta yi ba. Ta tsaya a bakin titi ta sayi littafi da biro.

Kwana tara suka yi a kan teburin guga tana koyon rubuta sunanta, Tsinke na riƙe da hannunta, suna faɗa kamar sa'anni. "Kaka, kin sake juya harafin baibai!" "To ke ki juya littafin mana." A kwana na biyar Goggo ta ƙona rigar wani direba, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ta buɗe shagon.

Ranar da muka koma, ta kama biron kamar mai tsoron ya tsere. Harufa biyar, kusan minti huɗu. Lauyan ya duba, ya buga hatimi, ya ce da kyau.

Mun sauko matakalar ba tsaki ko ɗaya. A ƙasa ta tsaya tana kallon tawadar da ta ɓata mata yatsa.

"Abu ɗaya na taɓa rubutawa a rayuwata," ta ce, "shi ne ya raba ni da ita."

Sannan ta ce in yi sauri, akwai kayan Tsinke da ba ta goge ba.