Gwaiwar Da Na Ɓoye Wa Ƙanena

Gidanmu gidan wanzamai ne a Maruta. Kakanmu da aska ya ci abinci, Baba ma haka, ni kuma aka rataya mini zabira tun ban yi gemu ba. Ƙanena aka bar wa boko, don hannunsa rawa yake in ya riƙe ƙaho, Baba ya ce ba zai ɓata fatar mutane a kansa ba. To shi ne yau likita a Birnin Kudu, yana yanka mutane yana ɗinkewa. Ni ko firamare ban ƙarasa ba.

Ban taɓa jin haushin haka ba. Aikinsa ba abin sha'awa ba ne. In ya zo gida da salla, kafin ya cire takalmi zaure ya cika da masu ciwon ido da mata riƙe da yara, tuwonsa ya huce a kwano yana ta leƙa bakin mutane. Amma duk gajiyarsa sai ya durƙusa ya ce, Yaya ina wuni. Ni kuma duk wanda na ga ciwonsa ya fi ƙarfin aska, cewa nake ya je wurin ƙanena.

Sai gwaiwa ta same ni. Ta fara kamar ƙwan zabo, a hankali ta kai gwanda. Na koma sa babbar riga ko gona za ni. Na daina hawa babur zuwa kasuwar Gwaram, na ce bayana ke ciwo. Maza nawa na tura masa da irin wannan, suka dawo suna tafiya daidai, amma ni na kasa. Yaron da na goya, na wanke wa kashi, shi zan kwance wa wando? A gidanmu ko wanka wa yake yi, ƙane ba ya bi ta bayan banɗakin.

Shi ne na yi irin ta gida. Na sha ganin Baba yana yi wa mutane sakiya, ya gasa ƙarfe ya huda kumburi ruwa ya fita. Na kulle ɗaki na yi wa kaina. Ruwan ya fita kuwa, har na ji iska, na ce ashe abin ba wuya. Ba a jima ba ya dawo, ya zo da zazzaɓi da wari. Matata ta gaji da ƙaryar da nake mata, ta buga masa waya ban sani ba.

Da la'asar ya iso. Bai tsaya zaure ba, ya sa kowa ya fita tsakar gida, ya ja ƙofa.

"Yaya, buɗe in gani."

Na ce a kawo wani likitan. Ya ce abokin aikinsa ya yi tafiya, kuma yadda jikina ke zafin nan ba zai jira kowa ba. Na juya fuskata bango, na rufe da hula, na bar shi.

"Da me ka huda?"

"Da ƙarfen Baba."

Can ya ce, "Shi Baba gwiwa yake hudawa, Yaya."

A asibiti allura suka yi mini a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma kunnena na nan. Ina ji yana magana da ma'aikata da Turanci ƙasa-ƙasa. Ɗaya daga cikinsu 'yar garinmu ce, ni na yi wa yayyenta kaciya, har ta ce mini sannu Baba wanzami. Da ƙasa ta tsage da na shige. Bayan an gama ya gaya mini, yana kallon ledar ruwan da ke hannuna, cewa ɗan maraina ɗaya ya riga ya ruɓe, ya cire, ɗayan lafiya lau. Da na zo da wuri, da duka biyun suna nan. Wannan bai faɗa ba, ni na sani.

Shi da kansa yake zuwa wanke mini ciwon don kada wani ya gani. In na ji takunsa sai in rufe ido kamar mai barci. Ya san idona biyu. Haka zai gama, ya gyara mini zane, ya fita.

Tun da aka sallame ni ban iya haɗa ido da shi ba. Yana gaishe ni, ina amsa wa takalminsa. Godiyar ma ta baki na kasa, sai buhun gero na aika wa iyalinsa. Ya aiko da cewa ya gode, amma ba gero yake jira ba, ni yake jira ya duba ɗinkin.

Na yi ta jan ƙafa har matata ta daina magana. Daga baya na shiga mota na tafi, na bi layi tare da kowa. Da na shiga ya miƙe zai gaishe ni, na ce ya zauna. Na hau gadon, na kwance tazugen da hannuna, na ƙura wa fanka ido har ya ce in tashi, ya warke.